Dokta Nanret Justin da Kyarketan da Ta Yi wa Hidima

Haihuwa da Ilimi

An haifi Nanret a garin Langtang a shekarar 1957, ɗiya ga Malam Gregory Daso, ma'aikacin gandun daji, da matarsa Celina. Ta yi sakandare a Gindiri, ta kammala nazarin likitancin dabbobi a Zariya a 1982.

Aure da Aiki

A 1985 ta auri Justin, malamin lissafi, suka ƙaura zuwa Amurka a 1990. Ta samu aiki a jihar Wisconsin cikin ayarin masu lura da kyarketai masu ruwan toka, waɗanda doka ta haramta kashe su saboda sun kusa ƙarewa. Shekara goma sha tara ta yi tana ɗaura musu na'urar bibiya a wuya, tana jinyar masu rauni, tana kuma zuwa jaje wurin makiyayan da kyarketai suka cinye wa maruƙa, domin ba ta taɓa raina asararsu ba.

Zaman Greensboro

A 2009 ciwon gwiwa ya raba ta da daji, iyalin suka sauka a unguwar Glenwood da ke birnin Greensboro, ta koma koyarwa. Justin ya rasu a 2016. 'Yan cocinta suna kiranta Maman Kyarketai, tana amsawa.

Shekarar Ƙarshe

A Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta janye wa kyarketan kariyar doka, a Fabrairu aka kashe sama da ɗari biyu a Wisconsin cikin kwana uku. Yahya, tsohon abokin aikinta, ya sanar da ita ta waya cewa garken da ta fi daɗewa tana bi bai tsira ba. Ta ce, "Na san kakarsu. Ni na ɗinke mata ƙafa."

Duk da cutar daji da ta kwantar da ita, ta duƙufa rubuta wa 'yan majalisa wasiƙu. Babbar 'yarta Confidence ta ce, "Mama, ki huta mana, dabbobin nan ba su ma san kina yi ba."

"Ai ba don su sani nake yi ba," in ji ta.

Rasuwa

Ta rasu ranar Alhamis, 3 ga Fabrairu, 2022. Bayan mako guda wata kotun tarayya ta maido da kariyar a yawancin jihohi, ciki har da Wisconsin. An binne ta ranar 12 ga wata a garin Summerfield da ke dab da Greensboro, kusa da mijinta, Yahya ya karanta hukuncin a bakin kabari. Ta bar 'ya'ya uku: Confidence, Nanven da Celina.