Shekarar da Aka Kusa Mayar Mana da Goro

Mahaifiyata ce ta kusa ɓata mini aure, kuma da alfahari ta yi. Lokacin ina aiki a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, muna auna yadda cibiyar ƙwayar zarra ke haɗiye niyutiron, wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na zarra, kamar yadda yake faruwa a cikin taurari. Ƙwayoyin zarrar namu irin marasa zama ne, wasunsu kafin ka ƙifta ido sun tarwatse, don haka daga hasken da suke fitarwa muke gane abin da ya faru. Da na zo hutu Yendi na yi mata bayani, na nuna mata hotona da ɗan abin da muke maƙalawa a ƙirji don auna tururin da ya taɓa jikin mutum.

Iyakar abin da ta riƙe ke nan. Ta shiga kasuwa tana cewa ɗanta yana aiki da wutar da ba a gani, har sai an auna wadda ta shige shi. Matan da ke saro albasa suka kwashi zancen zuwa Bawku, garin yarinyar da nake nema. Kafin ya sauka daga mota ya zama wai wutar tana ƙone zuriyar namiji.

Kawuna na Salaga ne ya kai goron tambaya. Aka yi makonni ba a raba shi ba, kuma a wurinmu goron da ba a raba ba yana shirin komawa gida ne. Na tsorata ƙwarai, don ina son yarinyar nan. Kawu ya sa ni gaba muka tafi, yana yi mini tsiya a hanya, wai ga mai karatun taurari ya kasa karanta bakin uwarsa.

Mahaifinta, dillalin shanu ne, ya karɓe mu a zaure. Na buɗe baki zan fara da yadda taurari ke ƙera zinariya ta wannan hanya, ya ɗaga hannu.

"Yaro, bar sama tukuna. In an saki wutan nan, kai ina kake tsayawa?"

"Bayan katanga mai kauri, Baba. Ba mai shiga ɗakin."

"Za ka rantse mini ba komai?"

Na ce abin da ke taɓa mu kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya cutar ba, amma haihuwa ba a hannuna take ba, ba zan rantse a kanta ba. Kawu ya taka mini ƙafa. Tsohon ya ce da na rantse da ya hana ni 'yarsa. Kafin la'asar aka raba goro.

Ba mu haihu ba. Likitoci sun duba mu, suka ce babu ruwan aikina, amma wa zai bi gida gida yana faɗa? Mahaifiyata ta sha kuka, 'yan'uwan matata suka sha magana. Surukina kuwa duk zuwanmu Bawku sai ya sa a yanka zabi, ya zaunar da ni kusa da shi, ya tambaye ni ko waɗannan abubuwan nawa sun koyi zama. Ina kewarsa har yau. Har ya koma ga Allah bai taɓa kallon cikin 'yarsa sannan ya kalle ni ba.