Dakalin da Na Gina a Kan Rijiyar Mahaifina

A shekarun da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, Daura ta shiga tashi kamar ƙullun waina da ya kwana. Gonakin geron da ke bayan ganuwa suka koma unguwanni. Mutanen Baure da na Mai'adua, da waɗanda fari ya koro daga arewa, kowa ya zo ya yanki fili. Wanda ya sami ƙarin albashi ya rushe soron kakansa ya rufa kwano, ya shiga ciki yana gasuwa da tsakar rana yana godiya ga ci gaba. Ni ban ƙi ci gaba ba. Hanya ta miƙe, magani ya matso kusa, 'ya'yana sun sami karatun da ban samu ba. Abin da na ƙi shi ne a ce duk abin da ya girmi siminti ƙazanta ne.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini rijiya a tsakar gida. Ruwanta garai-garai, kuma ko a shekarar fari ba ta kunyata mu ba. To, da aka kafa tanki aka binne bututu, aka ja famfo har ƙofar gidajenmu, sai umarni ya zo cewa a cike rijiyoyin cikin gida, domin suna tara sauro, yara kuma suna faɗawa. Maganar ba ta rasa gaskiya ba, amma an yi ta ne da gaggawar mai sabuwar riga.

Wanda ya kawo mini umarnin duba-gari ne, saurayi, ɗan aminina, wanda ni na rarraba goron sunansa. Ya shigo da kakinsa da takarda a hamata.

"Baba, kwana bakwai aka ba kowa. A cike ta."

Na ce, "Ɗana, ruwan da uwarka ta yi wankan jegonka da shi, daga nan aka ja shi."

"Wancan zamanin guga ne, Baba. Yanzu murɗawa ake yi."

"Ranar da aka murɗa bai zo ba fa?"

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce, "Inji ne, ba ya mantuwa."

Maƙwabta suka shiga gasar cikewa. Da shara, da toka, da ɓaraguzan soro, kowa yana binne abin da kakansa ya haƙa da gumi, yana leƙen na kusa ko ya riga shi wayewa. Ni kuwa na kira wani tsohon magini. Muka jera azara a bakin rijiyar, muka shimfiɗa zana, muka zuba ƙasa, muka shafe da siminti. Ta fito dakali sumul, abin sha'awa.

Ranar bakwai duba-gari ya dawo. Ya zauna a kan dakalin, aka kawo masa fura ya sha, yana bubbuga gefen da dunduniyar takalminsa. Da zai tashi ya ce, "Madalla, Baba ya waye."

Shekara biyu famfo yana zuba, kuma zan faɗi gaskiya, bayan uwargidana ya huta da jan guga. Sai dai tankin an auna shi ne da tsohuwar Daura, ita kuwa Daura ba ta tsaya an gama auna ta ba. Kowace sabuwar unguwa ta ja nata bututun daga wannan tanki ɗaya. Ruwa ya koma zuwa yau, gobe babu. Daga nan sai a murɗa a ji yana huci kamar tsohon jaki, ba ko ɗigo. Magabata sun ce macijiyar Kusugu takan bar mutane su ɗebi ruwa ranar Juma'a. Ita aƙalla tana da rana. Famfonmu ba shi da ita. 'Yan garuwa suka zama sarakai, ka ga ma'aikaci a mota mai sheƙi yana bin mai tulu a baya yana ce masa ranka ya daɗe.

Mu ma muna cikin wahalar, ga ruwa a ƙarƙashin inda nake zama. Uwargida takan ce, "Malam, kana zaune a kan rijiya, muna alwala da rabin buta." Amma na san ranar da na fasa dakalin na tona wa kaina asiri cewa na yaudari hukuma, sa'annan a zo a cike ta a gabana, cikewa ta gaske.

Wata safiya a cikin bazara sai ga duba-gari, babu kaki, babu takarda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce maiɗakinsa ta sauka, an sami ɗiya. Na yi masa barka. Ya dubi dakalin.

"Baba, yau kwana uku ba a cika tukunyar wankan jego ba. Surukata ta ce in ban kawo ruwa ba za ta tafi da su ƙauye."

"Ka je ka murɗa mana. Inji ba ya mantuwa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ranar da na sha fura a nan, dakalin nan ya amsa mini kamar ganga. Na ji, na yi shiru."

Ashe shekarun nan duka ina ɓoyon abin da mai binciken ya riga ya sani. Na aika aka kawo diga, na miƙa masa, na ce bakin da ya ce a cike, hannunsa ne zai fara fasawa. Ya tuɓe riga ya sara. Da azarar ta ɗaga, sanyin ruwan ya bugo fuskokinmu. Gugan farko shi ya ja, ya ɗauka a ka ya ratsa unguwa da shi ido na ganin ido, kuma kafin azahar mutanen da suka riga ni wayewa sun yi layi har zaure.

Famfon yana nan a ƙofar gida, ban cire shi ba. A jikinsa muke rataye guga.