Katangar da aka hana ni

Shekarun baya, da ɗana ya ɗauko ni daga Damagaram, ya sayi wani tsohon gidan katako a nan Greensboro, cikin unguwar da hukuma ke kiyaye tsofaffin gidaje. Gida mai kyau, amma tsirara: ba katanga, ba zaure, sai baranda tana kallon titi. In na fito shan iska, duk mai yawo da kare sai ya ɗaga mini hannu. Na koma ɗaki na daina fitowa. Na ce masa ko ya ja katanga, ko ya mayar da ni gida.

Ya ce a unguwar nan ko taga ba a canzawa sai kwamiti ya duba ya yarda. Na ce gidanka, da guminka? Na yafa mayafi na bi shi zaman nasu, da shirin faɗa.

Cikinsu akwai wata tsohuwar Baturiya, tabarau a kan hanci, ba ta dariya. Ta sa ɗana ya tambaye ni ko ɓarayi nake tsoro. Na ce idanu nake tsoro. Ta nemi a dakata sai ta ga gidan.

Ta kuwa zo. Ta zauna a kujerata a baranda, ta daɗe, masu karnuka suna ɗaga mata hannu. Can ta ce, ɗana yana fassara: "Mama, na ga abin da kike gani. Amma fuskar gidan nan ta duk layin ce, tun kafin a haife mu. Katanga a gaba, a'a."

Na kawo mata shayi da dambun nama, ko za ta sauko. Ta ci, ta yaba, a'arta tana nan.

Sai ta zagaya bayan gida, filin da ciyawa ta cinye, wanda ni ko kallonsa ban taɓa yi ba. Ta ce nan shingen katako mai tsayi ba zai ɓata komai ba. Kwamiti ya amince. Yau a can nake shanya kuɓewa, kaina ba ɗankwali.

Ban cika yabon mutane ba, amma matar nan ta burge ni. Ta zauna inda nake zama kafin ta hana ni, kuma dambuna bai sauya mata magana ba.

Yanzu da la'asar har barandar nake zama. Bara na hango maƙwabci ya kawo masu cire tagoginsa. Na kira ɗana na ce, "Je ka tambaye shi, kwamiti ya gani?"