Ƙofar da Ta Yi Ƙara Ba Kowa a Cikinta

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga unguwarmu Ɗan Iya a Bauchi, yayyafi bai gama ɗaukewa ba. Mu uku ne: ni, da Innarmu da za a duba wa ido a Abuja, da matar ƙanena da aka ce ta bi mu ta taya ni hidima. Yarinyar nan tana da ƙaramin ciki. Biyu sun zube mata a baya, kowanne bayan labari ya gama zaga dangi, don haka wannan karon ni kaɗai ta faɗa wa bayan mijinta, ta kuma rantsar da ni. Ko ba don haka ba, a gidanmu suruka ba ta buɗe baki ta ce wa uwar miji tana da ciki. Sai dai ido ya gani.

Mai tasin da ya ɗauke mu ya fara kukan tsadar mai tun kafin mu rufe ƙofa, ya ci gaba har bayan gari, ko numfashi ba ya ja. Na sa ya tsaya na sayo mana masar Bauchi mai zafi, Inna ta ci uku, ni na ci abin da ba zan faɗa ba, matar ƙanena ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Filin jirginmu yana da nisa da gari. Da gidaje suka ƙare sai gonakin masara da duwatsun nan namu, hazon damina ya rufe musu kai. Ba mota gabanmu, ba mota bayanmu. Har shi mai tasin ya gaji ya yi shiru.

A nan matar ƙanena ta miƙo mini wayarta. Saƙon murya ne da aka turo zauren matan unguwa: wata mata, ba suna ba gari, tana rantsuwa cewa ƙofar binciken filin jirgi tana dafa ɗan tayi, uwa ba za ta ji komai ba sai bayan kwanaki. Muryar a sanyaye take, kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Na ce mata shirme ne, amma gaskiya maganar ta tsaya mini a rai.

Zauren filin babba ne, mu kuwa fasinjoji ba mu taka kara mun karya ba. Takun takalminka sai ya je bango ya dawo maka. A layi aka ɓarke da gardama kan ƙofar binciken. Wani dattijo mai hular zanna ya ce duk wasan yara ne, mai mugun nufi ba ta ƙofa yake bi ba, mu talakawa kawai ake sa wa cire ɗamara. Wata 'yar kudu mai shagon kayan waya a kasuwar Wunti, wadda ta ce kusan kullum tana kan hanya, ta dafa kanta ta ce, "Wallahi Baba, duk lokacin da na wuce shi, kaina yana ciwo." Wani saurayi ya ce ƙofar maganaɗisu ce kawai, hasken da ake tsoro yana cikin injin da jaka ke shiga. Ba wanda ya saurare shi. Shi ya fi kowa magana mai kama da ilimi, shi kuma ya fi kowa ƙaramar murya.

Ana cikin haka ƙofar ta yi ƙara. Ba kowa a cikinta, ba kowa kusa da ita. Jan haske ya sauko ta gefenta daga sama har ƙasa, ya ɗauke. Gardama ta mutu nan take. Ma'aikacin ya ce wataƙila keken kaya aka gifta da shi, amma na waiga ban ga keken ba.

Jakunkunanmu suka shige injin, na leƙa allon na ga butar Inna da carbinta da madubin idonta suna shawagi cikin shuɗin haske, duk asirin jaka a waje. Ni na fara bin ƙofar, shiru. Sai layi ya zo kan matar ƙanena. Ta tsaya cak. Ma'aikaciyar, wata doguwar mata mai Hausar koyo, ta ce, "Wuce mana, 'yar'uwa. In akwai dalili, faɗa, sai na duba ki da hannu."

Dalilin kuwa kalma ɗaya ce, ga uwar miji tsaye a bayanta, ga baƙin mutane sun zuba ido. Ni rantsuwa ta ɗaure mini baki. Na ga ta runtse ido ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ta gwammace ta bi ƙofar a kan ta faɗi dalilin.

Inna ta riƙo gefen mayafinta. Ba ta dube ta ba, bangon gabanta take kallo da idon nan nata da ake cewa ba ya gani sosai. Ta ce wa ma'aikaciyar, "'Yar nan, ki lalube ta da hannu. Ba ita kaɗai ba ce."

Aka shiga da ita bayan labule. A jirgi ba wadda ta tayar da zancen. Inna ta ja carbi, surukar kuma ta rufe fuska har muka sauka.

Aikin ido ya yi kyau, alhamdulillahi. Abuja kuwa abinci tsada ba ƙoshi, masarsu ma sunan kawai ta ara. A dawowa ne abin da muka guda ya same mu. Can cunkoso ne, ana kiran jirgi, ana turo mu ta baya, ina fama da keken marasa lafiya da aka ɗora Inna. Kafin in juyo, yarinyar nan ta riga ta fito ta ɗaya gefen ƙofar. Ta tsaya riƙe da takalminta, fuskarta fayau ba jini. Ƙofar ko ƙara ba ta yi ba, shirun ma ya fi ba ni tsoro.

Kwanakin da suka biyo baya a Bauchi yarinyar nan ba ta ci, ba ta magana, tana ta jiran abin da muryar nan ta yi alkawari. Na gaji na kai ta wani ƙaramin asibiti a GRA. Inna ta yafa mayafi ta ce ita ma za ta, wai a sake duba mata ido, alhali ba a duba ido a wurin. Likitar ta ce ƙofar ba ta taɓa ciki, masu juna biyu suna bin ta kullum. Hankalina ya yarda da ita, zuciyata dai ta ƙi zama. Ta shafa mata man nan mai sanyi, ta ɗora na'ura. Allon baƙi ƙirin, ɗakin tsit. Ta matsa nan, ta matsa can. Sannan sautin bugun zuciya ya cika ɗakin, ƙanana ƙanana, da sauri da sauri.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai wuce wannan ba: na tsaya tsaron sirri daga matar da ta riga ni sani, na kuma bar muryar da ba ta da suna ta hana mu sakat. Ko ƙofar tana kama mugu, wannan na bar wa dattijo mai hular zanna.

Da na fito na tarar da Inna a kan benci, ta ba ƙofar ɗakin baya don kunya. Ba ta juyo ba. Ta lalubo hannuna ta damƙe har sai da na ji zafi.

"Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

Ta saki hannuna, ta gyara mayafi, ta ce in nemo mana keken haya, rana ta yi.