Mai Tsintsiya da Taragun da Ke Komawa Wayam

Haihuwa da asali

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Mai Tsintsiya, a shekarar 1944, a garin da tashar jirgin ƙasa ta ƙarshe take kafin a haye gada a shiga maƙwabciyar ƙasa. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar, mahaifiyarsa kuma sana'arta ɗinkin buhunan da suka yage. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar. Gidansu yana bayan layin dogo, kusa ƙwarai, har kwanukan da aka kife a bakin randa sukan yi rawa idan jirgi ya wuce. A wannan gida ne, tun kafin ya iya karatu, ya koyi bambanta taragu da kunne: mai kaya yakan wuce da nishi, wanda babu komai a cikinsa kuwa sai kwaramniya.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare a 1952, ya kammala a 1959, sannan ya yi shekara biyu a makarantar koyon aikin jirgin ƙasa. Abokan karatunsa da suka rage sun shaida cewa yaro ne marar hayaniya, wanda ba ya ɗaga hannu a aji ko da ya san amsa, sai malami ya kira shi.

Fara aiki

A 1962 aka ɗauke shi aiki a tashar garinsu, a 1967 kuma aka damƙa masa amanar sikelin da ake auna taragu. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, da tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo. Ta wannan taga ya shekara fiye da talatin yana kallon cinikin ƙasashen biyu.

Ba wadda ta fi wata arziki sosai a cikinsu, sai dai maƙwabciyar ta riga ta kafa masana'antu. Kowace Litinin jirgi kan shigo da taragu goma sha biyu cike da siminti, da taki, da yadi, da kwanuka, da durom-durom na kananzir. Kowace Laraba ya juya, duka goma sha biyun wayam. Manyan ƙasashen biyu sun sha zama a kan wannan rashin daidaito, an sa hannu a takardu, an ɗauki hoto, amma kwaramniyar ranar Laraba ba ta ragu ba.

Jami'in da ke rako jirgin daga ƙetare, wanda ake kira Mai Tabarau, ya zama amininsa, kuma ba sa haɗuwa ba tare da tsiya ba.

"Maƙwabci," in ji Mai Tabarau, "wai ƙasarku iska kawai take nomawa? Kullum ita kuke loda mana."

"Ka gode wa Allah," in ji marigayi. "Iska mai kyau, kuma ko sisi ba mu karɓa."

Iyalinsa sun ce yakan yi dariya a tasha, amma idan ya dawo gida ranar Laraba ba ya cin abincin kirki.

Aure

A 1969 ya auri 'yar wani mai sayar da turare, wadda daga baya 'ya'yanta da maƙwabta duka suke kira Inna. Ta tashi cikin kwalabe, saboda haka hancinta bai san ɓoyo ba. Tana iya gaya wa maigidanta kayan da aka sauke a tasha daga warin rigarsa. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya bakwai, biyu sun rasu suna ƙanana.

Shekarar kananzir

A 1978 aka yi damina mai albarka, gyaɗa ta yi yawa har ta rasa mai saye, alhali matatun mai na ƙetare suna nemanta. Marigayi, duk da kunyarsa, ya bi ƙauyuka a kan keke yana roƙon manoma su kawo ta tasha. Wani dattijo da ake jin maganarsa, Baba Mai Gyaɗa, shi ya fara amincewa, sauran suka bi shi. A watan Nuwamba aka cika taragu huɗu, karo na farko a tarihin tashar.

Bayan mako biyu gyaɗar ta dawo. Taragun da aka loda ta a ciki sun saba ɗaukar kananzir, katakon ƙasansu ya sha ya ƙoshi, gyaɗa kuwa ta zuƙe warin. Ba wanda ya yi tunanin shinshina tarago, domin ba a taɓa sa abin ci a cikinsu ba. Aka jibge buhunan a bakin tasha, inda ko awaki suka shinshina suka juya. Baba Mai Gyaɗa ya zo ya tsaya a kan nomansa na shekara guda, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, ka auna nauyinta daidai. Madalla." Ya juya ya tafi. Shekara uku bayan haka manoma ba su amsa gaisuwar marigayi a kasuwa ba, shi kuma bai taɓa ɗora laifin a kan kowa ba.

Tsintsiya da farin fenti

Daga farkon 1979 ya shiga abin da ya jawo masa laƙabinsa. Kowace Talata, idan an gama sauke kaya, sai ya tuɓe rigar aiki ya rataye a ƙusa, ya ɗauki tsintsiya da bokiti ya shiga taragu yana wanke su da toka da ruwan zafi da sabulu. Ma'aikata suka yi ta dariya, babban jami'i da tsintsiya. Shugaban tasha ya kira shi ya ce yana zubar da mutuncin ofis. Ya ba da haƙuri, Talata ta zagayo ya koma.

Inna ce ta fito da hanyar gwaji. Takan ƙulle gyaɗa cikin tsumma, a ajiye a taragon da aka wanke, a rufe ƙofa daga hantsi zuwa la'asar, sannan ta tauna. Idan ta haɗiye, tarago ya ci. Idan ta tofar, sai a sake wanki. Bayan wata takwas tana tofarwa ta ce masa, "Malam, ka daina wahalar da bayanka. Warin siminti da na yadi yana wankuwa. Wanda ya taɓa shan kananzir, ko kogi ka juye masa ba zai tuba ba."

Matsalar ita ce a ƙetare ana loda kananzir a duk taragon da ya zo hannu, har babu wanda bai taɓa sha ba. Ana cikin haka, a watan Maris na 1981, takarda ta zo daga kamfanin jirgin ƙetare cewa idan kakar 1982 ta wuce ba a samu kayan komawa ba, za a dakatar da jirgin, a mayar da kaya kan manyan motoci ta wata hanya dabam. Gidaje kusan sittin ne suke ci daga tashar.

Marigayi ya kai kukansa ga Mai Tabarau. Wannan bawan Allah, ba tare da umarnin kowa ba, ya tsare taragu uku da aka sa wa sabon katako, ya zana farin da'ira da fenti a ƙofar kowanne, ya gargaɗi masu lodi cewa duk wanda ya sa durom a tarago mai da'ira, shi da shi ne. Ya sha tambaya daga manyansa a kan haka, bai fasa ba.

Saura manoma. A kakar 1982 marigayi da Inna suka je har gidan Baba Mai Gyaɗa da ƙullin da ya yini a tarago mai da'ira. Dattijon ya daɗe yana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage masa.

"Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle," in ji shi. "Ba don kai ba, don 'yar nan da ta ɓata bakinta shekara uku, na ba ka buhu ashirin. In ta dawo, kai da 'ya'yanka za ku cinye ta tas."

"Na yarda, Baba."

"Ni ban yarda ba," in ji Inna. "Na ci rabona."

Buhu ashirin ba su cika rabin tarago ba, amma da aka ji Baba ya bayar, kafin Laraba an cika biyu. Gyaɗar ba ta dawo ba. Litinin ta gaba Mai Tabarau ya sauko daga jirgi ya miƙa wa marigayi kwalbar man da aka matse daga cikinta, ya ce, "Ashe dai ba iska kaɗai kuke nomawa ba." Aka janye takardar dakatarwa a watan Janairu na 1983.

Shekarun ƙarshe

Daga gyaɗa aka ƙara da wake da riɗi, taragu masu da'ira suka zama biyar. Ba su taɓa wuce haka ba a rayuwarsa. Har yau abin da ƙasar ke saye daga maƙwabciyarta ya ninka abin da take sayar mata, kuma marigayi bai taɓa da'awar ya gyara wannan ba. Idan aka yaba masa yakan ce saura bakwai, sannan ya lissafa waɗanda ya ce su ne suka yi aikin: hancin Inna, da fentin Mai Tabarau, da haƙurin Baba Mai Gyaɗa.

Ya yi ritaya a shekarar 2000. Mai Tabarau ya rasu a 2009, marigayi ya shiga jirgin Laraba ya haye gada don ta'aziyya, wanda shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da ya taka ƙasar da ya yi shekaru yana aika wa kaya. A tsufansa, da ganinsa ya yi rauni, yakan sa a fito masa da kujera ƙofar gida kowace Laraba da hantsi, ya karkata kunne, jikoki na kusa da shi ba mai motsi har jirgi ya wuce.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa, da safiyar Laraba, 13 ga Oktoba, 2021, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da bakwai. Aka yi masa sallah a filin tasha, inda manoma daga ƙauyuka fiye da goma suka halarta, har da jikokin Baba Mai Gyaɗa, aka kai shi maƙabartar da ke gefen layin dogo. Ana cikin mayar da ƙasa sai jirgin komawa ya taso. Ba wanda ya ce a dakata, amma masu shebur suka tsaya, jama'a suka kasa kunne har ya haye gada. Wani tsohon ɗan dako ya share ido ya ce, "Biyar sun yi nishi."

Ya bar matarsa, Inna, da 'ya'ya biyar: babban ɗansa, direban jirgin ƙasa, mai bi masa, ungozoma a asibitin garin, na uku, malamin makaranta, ta huɗu, mai sayar da turare kamar kakanta, sai auta, wanda yanzu yake riƙe da sikelin tashar, a kan tebur ɗin nan mai bulo. Ya kuma bar jikoki goma sha tara.

Iyalinsa suna miƙa godiya ga duk wanda ya raka shi, da zuri'ar Mai Tabarau da suka hayo gada don gaisuwa. Tsintsiyarsa tana nan rataye a ƙusar ofis, kuma kowace Talata auta yakan sauke ta. Allah ya jiƙansa, ya sa nauyin ma'auninsa ya rinjaya.