Baba Maliki, Mai Buɗe Buhun da Aka Riga Aka Ɗinke

Na Allah muke, kuma a wurinSa ake sauke kowane kaya. Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba na shekarar 2025, tsakanin azahar da la'asar, Baba Maliki ɗan Muhammad, mai ɗinkin buhu a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ya jingina da tarin buhunan riɗi kamar mai son ya ɗan runtsa, bai kuma sake tashi ba. Ya haura shekara saba'in. Da nawa ya haura, shi kansa bai taɓa damuwa ya sani ba.

Na karanta tarihin manyan mutane da yawa, waɗanda suka gina birane da waɗanda suka rushe su, na kuma lura cewa marubuta ba su cika barin wuri ga mai basilla ba. Yau na ɗauki alƙalami domin in gyara wannan sakaci na masana gwargwadon ƙarfina, wanda, kamar yadda aka sani, ba kaɗan ba ne.

Baba Maliki, har yanzu ina ganinka a ƙarƙashin rakubarka, rumfar nan taka ta kara, zare a baki, basilla a soke a gefen hula. Hasken rana yana ratso karan rufin, ƙurar riɗi tana iyo a cikinsa a hankali kamar ba ta da niyyar sauka, kai kuma kana tsakiya kana rufe bakin buhu ɗaya bayan ɗaya. Sarakunan zamanin da suna da hatimin zobe, manyan ofisoshi suna da tambarin tawada. Kai naka hatimin ɗinki goma sha ɗaya ne da ƙulli a kunnen dama, kuma daga Doka har Gallabat ban ji wanda ya taɓa musa shi ba.

Lokacin da yaƙi ya koro mutanen Hartum da Jazira zuwa garin nan, ka riƙa tsince tsofaffin buhunan da 'yan kasuwa suka yar, kana farke su, kana haɗa su shimfiɗa-shimfiɗa, kana kai wa matan da suka sauka a harabar makarantu don su yi labule tsakaninsu da idon jama'a. Ba ka karɓi komai ba. Wata ta matsa ta ba ka kofin shayi, ka sha, ka ce ya yi zaƙi da yawa, ka koma washegari ka sha wani.

A cikin waɗanda suka zo akwai Shatu, 'yar ƙanwata. Ta fito daga Madani a watan Disamba na 2023 a bayan lorin marigayi mijinta, da mahaifiyarta, da 'ya'yanta uku, da maƙwabta iya waɗanda motar ta ɗauka. Gida ya tafi, shago ya tafi. Lorin nan kaɗai ya rage, da direbansa Taha, mutum mai yawan shiru. Da damina ta ɗauke, sai Shatu ta yanke shawarar ta riƙa ɗauko wa mutane kaya daga Doka zuwa Gadarif. Abincin gidanta kaf a kan tayoyin motar nan yake.

Ni, a matsayina na kawu kuma mai ilimi, na rubuta mata shafi tara a kan hanyoyin kare kai daga 'yan damfarar kaya: a ɗauki hoton katin shaidar mai kaya, a kira lambarsa ana kallon wayarsa, a sa shaidu biyu, a ƙi dillalin da ba shi da inuwa a kasuwa. Aiki ne da nake alfahari da shi. Kai kuma, Baba, da aka karanta maka, ka saurara har ƙarshe, sannan ka ce, "Ustaz ya yi ƙoƙari. Amma 'yata, kada ki ɗauki buhun da ba ki ga cikinsa ba." Na ji haushin gajartar wannan jawabi. Na daɗe da yafewa.

A kakar riɗi ta bara ne wani ɗan kasuwa da ya ce sunansa Waleed ya kira Shatu zuwa Doka. Buhu ɗari biyu, in ji shi, daga gonaki biyar na yankin Fashaga, yana so su isa Gadarif kafin a buɗe gwanjon washegari. Babu wanda ya taɓa zuwa mata da kaya mai yawan wannan. Muka tafi mu huɗu: Shatu, Taha, ni domin takardu, da kai domin ka ce kana marmarin ganin hanya. Ina tuna baƙar ƙasar nan da ta tsattsage, da dammunan riɗi a tsaye cikin gonaki suna shan rana kamar jama'ar da ta taru tana jiran liman, da yadda ka yi ta gyangyaɗi kana farkawa kana gaya wa Taha sunayen manoman da suka mutu tun kafin a haife shi.

Waleed ya tarbe mu da farar jallabiya da ƙamshin turare. Katinsa daidai, wayarsa ta yi ƙara da na kira, shaidu biyu suna tsaye. Ya miƙo yarjejeniya, na karanta, na yaba Larabcinta a bainar jama'a, domin marubucinta ya san inda ake ajiye kowace kalma. A ciki akwai sharaɗi guda: idan kaya ya isa da algus, laifin na mai mota ne, kuma motar ce jingina. Na ce wannan adalci ne mai kyawun tsari. Aka soka wa buhuna uku ƙarfen ɗiban samfur ta gefe, riɗi ya zubo fari tas. Shatu ta ɗauki alƙalami.

Kai kuwa kana can kana zagaya tarin, kana shafa bakin buhunan da ɗan yatsa kamar mai karanta allo.

"Gonaki nawa ka ce, ɗana?"

"Biyar, ya Haj."

"Ikon Allah. Gonaki biyar, kuma duk bahago ɗaya ne ya ɗinke su. Ga shi yana sauri, ko ƙulli bai tsaya ya ja ba. Wane ne wannan bawan Allah? Ina so in gaishe shi."

Waleed ya yi dariya, ya juya wurin Shatu. "Ya Hajja, mota na yi haya ko tela? Akwai lori goma a bakin hanya suna roƙona. Ki sa hannu ko ki ba ni wuri."

Shatu ta ɗaga alƙalamin daga kan takardar. Idan ta ƙi, ta ƙona man zuwa da dawowa a banza, kuma kasuwa za ta ji cewa matar nan ta Madani tana wulaƙanta masu kaya. Ta dube ni, na duba takarda. Ta dube ka.

"Baba, me ka gani?"

"Ban ga komai ba tukuna, 'yata. Shi ya sa nake so in gani. Buhu ɗaya. In na yi ƙarya, ni zan ɗinke ɗari biyun kyauta, in kuma ba shi haƙuri a gaban kowa."

Ta ajiye alƙalamin. Ka zare basilla daga hula, ka farke bakin buhu, ka naɗe hannun riga, ka tura hannunka ta tsakiya har kafaɗa, fuskarka tana kallon sama kamar mai neman wani abu da ya manta a mafarki. Da hannun ya fito, yashin rafi ne cike da tafinka. An tsayar da bututu a tsakiyar buhun, an cika shi da yashi, an zuba riɗi kewaye, an zare bututun. Ƙarfen samfur ba ya kaiwa can. Da an buɗe kayan a Gadarif gaban shaidu, da an ce Taha ne ya yi algus a hanya, da lorin ya tafi kamar yadda gida da shago suka tafi, bisa sharaɗin nan da na yaba.

Waleed ya rantse manoma ne suka cuce shi, ya ce a jira ya je ya kamo su. Shekara guda ke nan, kuma bisa ga nazarina, Fashaga ba ta kai wannan nisan ba. Muka dawo da mota wayam. Ba ka yi mini gori ko sau ɗaya ba a hanya, sai dai da muka kusa gari ka ce, "Ustaz, Larabcin nan fa da gaske yana da daɗi." Daga ranar, duk kayan da zai hau motar Shatu sai an buɗe shi a gabanta an sake ɗinkewa. Masu gaggawa suka guje ta, masu son kayansu su isa da sunansu suka neme ta.

Maƙabarta tana da nisa daga gidanka, ƙannenka kuma sun tsufa. Shatu ta soke lodin ranar, ta sa Taha ya wanke lorin ciki da waje, aka shimfiɗa tabarmi. A kansa aka ɗora makararka, tsofaffi suka zauna kewaye da kai. Taha ya tuƙa a hankali har masu tafiya a ƙasa suna wuce shi. Da muka dawo na sami Shatu a ƙofar gidan makoki tana kallon motar. Na fara shirya mata kalmomin haƙuri masu nauyi, sai ta riga ni. "Kawu," ta ce, "ba don shi ba, da yau a kafaɗa za a kai shi, mu kuma da ba mu san inda muke ba." Na naɗe jawabina na mayar aljihu, kuma wannan ba ya yawan faruwa da ni.

Ya Allah, ga bawanKa Maliki ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi da inuwar da ba ta gushewa. Ranar da za a buɗe abin da ke cikin kowa, Ka sa a sami nasa tsarkakakke har tsakiya. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Hajja Asha, da 'ya'yansa Usumanu da Hiba, da jikokinsa, da masu ɗinki da masu lodi na kasuwar Gadarif. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya sa albarka a bayansa, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.