Tamimu Ya Zaɓi Gari a Watan Sanyi

Duk Bahaushen da ya zauna unguwar Suwaidi a Riyad ya san Tamimu mai lantarki. Dogo ne siriri, mutumin Sakkwato, kullum da ɗan sukundireban gwada wuta a aljihun gaban riga, har ranar Juma'a. Aikinsa a wani kamfani ne mai gyaran injinan manyan ɗakunan ajiya, amma in wutar gidanka ta lalace ka kira shi, zai zo bayan ya tashi aiki, ya gyara, ya sha shayinka, sannan ya wanke ka tas a kan yadda ka cusa fulogi barkatai a soket ɗaya. Mutumin kirki ne, babu mai musun wannan. Aibinsa guda ne: in ya gama tsara abu a kansa, ko limamin unguwa bai isa ya sauya masa shi ba.

Shi da matarsa Zaituna sun daɗe kafin Allah ya ba su haihuwa, kuma daga Mubina ba su sake samu ba. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi Hausa gudu a bakinta. Tun tana rarrafe take fama da asma. Duk ranar da guguwar ƙura ta taso sama ta yi ja, Zaituna kan toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul, Tamimu kuwa ya ajiye makullin mota a kusa, don ya san ƙarshenta sai asibiti. Likita ya gaya musu a taƙaice cewa ƙirjin yarinyar ba ya son ƙura.

Tamimu ya samo dabara. Akwai wata na'urar sanyaya ɗaki da mutanen Riyad ke kira sahrawi: akwatin ƙarfe ne mai ciyawa a gefe, ruwa na tsiyaya a kanta, fanka na jawo iska ta ciki, sai busasshiyar iskar hamada ta shigo ɗaki da sanyi da ɗan laima. Ya sayi tsofaffi, ya sake musu waya da famfo da hannunsa, ya kafa wa Mubina ɗaya a ɗakinta. Tari ya ragu. Daga nan Tamimu ya yanke hukuncin da ya zama masa tamkar karatun allo, wai laima ce maganin 'yarsa.

Shi ya sa da kamfani ya ce sashensu zai koma Dammam, can gabas a bakin teku, abokan aikinsa suka yi ta tsaki, shi kuwa ya dawo gida fuska a sake. Dama ba zaɓi aka ba su ba, tunda iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, a hannun kamfanin take, ta iyalinsa kuma tana rataye da tasa.

"Zaituna, Allah ya yanke mana wahala," in ji shi. "Teku ai babban sahrawi ne. Ba famfo, ba fanka."

Zaituna ta ci gaba da tsince shinkafa. "To, Abban Mubina. Amma can wa muka sani? Nan ko ba komai 'yar'uwata Yaya Sabuwa tana unguwar Shumaisi."

"Yaya Sabuwa za ta hana ƙura tashi ne?"

Ta ɗauki shinkafarta ta shiga kicin.

A watan Janairu ya fara zuwa neman wurin zama, kuma gaskiya bai yi wasa da aikin ba. Cikin Dammam bai yi masa ba, cunkoso ne irin wanda yake gudu. Hubar ta fi ƙarfin aljihunsa. Jubail ta yi nisa, ga dogayen bututun masana'antu, ko fita daga mota bai yi ba. Sai ya faɗa Saihat, ƙaramin gari a gefen Dammam, ranar wata Juma'a bayan la'asar. Tamimu yana da nasa ma'aunin gari: ba ya tambayar dillali, zuwa yake ya ga wa ke fitowa shan iska. Ya tarar da iyalai sun shimfiɗa darduma a bakin ruwa, ga filas ɗin shayi, tsofaffi na hira, yara mata na tuƙa keke babu mai tsawata musu. Iska na kaɗawa mai sanyi, tsaf, ba ƙwayar ƙura. Ya tsaya ya ja ta har ƙasan huhu, ya ji ƙwalla ta cika masa ido, don Mubina kawai yake gani tana gudu a wurin. Ya zaga ya gano makarantar 'yan mata da ake iya zuwa a ƙafa, da masallaci, da asibiti, da kasuwar kifi. Kafin ya bar garin ya riga ya kama gida, hawan ƙasa, kusa da ruwa.

Mutum ɗaya ne ya ja masa kunne. Maulud, wani Banijare direban tirela da suke zaman shayi tare a unguwar Badi'a, ya taɓa aiki a wannan gaɓar. Ya kalli hotunan a wayar Tamimu, ya miƙa masa abinsa.

"Yaushe ka je?"

"Watan jiya."

"Ka koma da zafi, Malam Tamimu, ka kwana biyu ka gani. Akwai abin da suke kira ruɗuba. Iska ce, amma ruwa ce."

Tamimu ya yi dariya har da buga cinya. "Ni za ka ba labarin zafi? Ni da na tashi a Sakkwato, na ƙare a Riyad? Ruwan ma ai shi na je nema."

Zafin da ya sani ke nan tun haihuwarsa, mai ƙona fata ya busar da gumi nan take. Bai taɓa sanin akwai wani iri ba.

Suka tashi a watan Yuli, bayan an rufe makarantu, da sahrawi ɗaure a saman kaya. Da suka isa ƙofar sabon gida Tamimu ya buɗe mota, tabaransa ya rufe ruf da hazo, kamar wanda ya leƙa tukunyar tuwo. Kafin ya sauke katifa rigarsa ta manne masa a baya. Duk da haka ya kafa sahrawinsa a ranar. Wani maƙwabci Balarabe ya tsaya yana kallonsa, ya girgiza kai ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, wannan na mutanen hamada ne." Tamimu ya yi masa godiya, ya ci gaba da ɗaure waya.

Na'urar ta yi abin da aka ƙera ta ta yi: ta ɗebi iskar da ta riga ta jiƙe, ta ƙara mata ruwa. Bango ya fara gumi. Wanki ya ƙi bushewa, gishiri ya dunƙule a kwalba. Da Zaituna ta ja kabad don shara, ta tarar da bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Tamimu ya kwance sahrawin, ya sayo esi irin na kowa, ya liƙe tagogi, ya wanke bango da sinadari har hannunsa ya saɓule. Fumfunar ta dawo. Yarinyar da aka yi wa alkawarin keke a bakin ruwa, ta gilashin mota take ganin tekun.

Wata safiya Zaituna ta kira shi a wurin aiki, muryarta ba irin wadda ya sani ba. Ya iske Mubina zaune a gado ta dafa gwiwa, ƙirjinta na fito, leɓɓanta sun sauya launi, maganin asmar da take shaƙa ya ƙi yin komai. A asibiti suka ƙare makon. Likitar da ta duba ta ta ce ƙura na tayar da ciwon, haka ne, amma a wurin wannan yarinya laima da fumfuna sun fi ƙura illa, kuma in da hali a fitar da ita daga gaɓar kafin a sake irin wannan.

Tamimu bai yi gardama ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunyar haɗa ido da Zaituna, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta tuna masa komai ba, abin da ya fi faɗa zafi. Ya je wurin shugabansu ya roƙi a mayar da shi Riyad. Mutumin ya saurare shi da kyau, ya ce sashen ya riga ya tashi, babu gurbin da za a mayar da shi.

Ranar Juma'a da hantsi ya ɗauko su suka kama hanyar Riyad. Suna barin gaɓa suka shiga jan yashi, iska ta bushe, Mubina ta jingina da uwarta ta yi barci. Tamimu ya kashe rediyo yana sauraron numfashinta. Ƙara nisa da wurin aikinsa, ƙara sauƙin numfashin. Ya yi murna, kuma murnar ta yi masa ɗaci.

Yaya Sabuwa ta share musu ɗaki a gidanta na Shumaisi. Ya shigar da akwatuna, ya ƙi zama cin abinci, ya ce hanya da nisa, gobe akwai aiki. Yana kaiwa ƙofa Mubina ta biyo shi ba takalmi, ta riƙe masa gefen riga. Ta yi magana da Hausarta mai tsayawa-tsayawa, wadda take ajiyewa sai abu ya kai mata.

"Baba, in na daina tari, za ka zo ka ɗauke ni? Zan daina. Wallahi zan riƙe."

Tamimu ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. "Kar ki riƙe, Mubina. In ya zo ki yi abinki, ki kira Mama. Ba ke kika yi laifi ba."

"To wa ya yi?"

Ya gyara mata ɗankwali, ya ce ta koma ciki, ƙasa da zafi. Sai da ya ga Zaituna ta kama hannunta sannan ya shiga mota.